Yadda Ake Rage Dodon Koɗi a Akwatin Kifi na Gilashi Ba Tare da An Rasa Kifin Ba

Tambayar da ta fi zuwa mini daga masu ajiye kifin ado a Garwa, Marwa da Ngaundere, har da 'yan uwa na Kusiri da Njamena, ita ce ta dodon koɗi. Wani ya ce bai taɓa sayen ko ɗaya ba amma ga su nan sun lulluɓe gilashi. Wata ta ce kullum da safe sai ta tsince rabin kofi, washegari kamar ba ta yi komai ba. Kusan kowa kuma da abu ɗaya yake rufe saƙonsa: wane magani zan zuba? A ajiye maganar magani tukuna. Yana can kusa da ƙarshen jerin nan, kuma yawancinku ba za ku kai gare shi ba.

Dodon koɗi ba ya yawa sai inda abinci ya yi yawa. Guda 10 ko 20 a akwati mai lita 60 ba matsala ba ne, aiki ma suke yi maka, suna cinye gansakuka da ruɓaɓɓen ganye da ragowar abinci. In sun koma ɗaruruwa, to akwai abin da ke ciyar da su. Kamar kiyashi ne da sukarin da ya zube, ko sau nawa ka share su, muddin sukarin na ƙasa za su dawo. Shi ya sa aikin yake da tsari, wanda ya tsallake mataki na 3 kuwa sauran duk wahalar banza ya yi. Ka ware makonni 4 zuwa 6.

Kayan da za ka tanada

Siririn tiyo mai haske na mita 2, bokiti biyu da sabulu ko garin wanki bai taɓa shiga ba, safar hannu ta roba mai tsawo, tocila, tsohon katin roba ko reza, cokali, robar ruwa mai lita ɗaya da rabi da aka shanye, ganyen salak ko kabeji ko gurji, sai alif, irin wanda ake jefa wa ruwan rijiya ya kwanta. Duka-duka da wuya su wuce sefa 5,000, bokitan ne ma masu cin kuɗin. Masu tsada su ne na mataki na 7 da na 8, don galibi sai an yi saƙonsu daga Duwala ko Yawunde, ga kuɗin mota a kai.

1. Daga ina suka shigo?

Wannan matakin ba na kifi ba ne, na lafiyarka ne da ta yaran gidanka, shi ya sa na sa shi a gaba. Dodon koɗi ta tsirrai ya fi shigowa, ko dai ƙwansa manne a bayan ganye, ko ɗan ƙaraminsa da bai kai ƙwayar gero ba. Wani sa'i yakan biyo ruwan ledar da aka sako kifi a ciki, ko tsakuwar da aboki ya ba ka daga nasa akwatin. In ta nan naka suka zo, wuce mataki na 2 hankali kwance.

Sai dai mu nan da yawanmu ba sayen tsiro muke yi ba. Mutumin Garwa ya je bakin Binuwai ko Lagdo ya ga ƙainuwa shar da ita ya kwaso, na Marwa ya ɗebo yashi a Mayo Kaliyawo, na Yagwa da Maga ya tuge ciyawar ruwa a magudanan gonakin shinkafa, na Kusiri da Njamena ga Logon ga Shari a ƙofar gida. A irin ruwayen nan ne ake samun Bulinus da Biomphalaria, dodon koɗin da tsutsar tsargiya ke girma a cikinsu. Bulinus shi ke ɗauke da mai sa fitsarin jini, Biomphalaria kuma mai kama hanji da hanta. Madatsar Maga ta 1979 da ta Lagdo ta 1982 sun ƙara ruwa mai kwanciya da magudanan ban ruwa, wurin da suka fi so ke nan. Dodon koɗin da ya riga ya kamu a kogi, in ka kawo shi gida, zai ci gaba da sakin ƙananan tsutsotsin cikin ruwan akwatinka har makonni. Ido ba ya ganinsu, kuma ba sai ka sha ruwan ba, ta fata suke shiga.

Kada ka ce ai busasshen yashi na ɗebo. Wasu Bulinus kan nutse cikin laka su kwanta duk rani, ruwa na taɓa su su farfaɗo.

Gargaɗi: in akwai ko abu ɗaya a akwatin da ya fito daga kogi, tafki ko kududdufi, daga yau ba a sa hannu ciki sai da safa, yara ba sa wasa da ruwan, ba a kuma zuƙar tiyo da baki. Kai tsaye ka nufi mataki na 9. Dodon koɗin da aka ƙyanƙyashe a cikin akwatin ba su ɗauke da cutar, don ba ta bi ta ƙwai, tsutsotsin da ke yawo cikin ruwa kuma kan mutu cikin kwana 2 in babu mai sakin sababbi. Amma tunda ba ka da yadda za ka bambanta ɗan kogi da ɗan gida, kwashe su duka ya fi. Wanda ya yi ƙaiƙayi da ƙuraje bayan taɓa ruwan, ko ya ga jini a fitsari, ya je asibiti a gwada shi. Maganinta praziquantel ne, ma'aikacin lafiya ke auna shi.

2. Gane irin wanda kake da shi

Ɗauko ɗaya, ka riƙe shi tsinin ɓawon na kallon sama, bakin na kallonka.

In baki yana hagu, ɓawon siriri ne mai sheƙi, launin ƙasa da ɗige-ɗige, ƙahonnin kamar zare, kuma yana da saurin tafiya har yakan bi saman ruwa a kife, Physa ke nan, wanda ya fi damun mutane. Bai cika wuce santimita ɗaya ba. Kowane ɗaya namiji ne kuma mace, har yana iya hayayyafa shi kaɗai, don haka guda ɗaya ya isa ya cika akwati. Ƙwansa dunƙule ne mai santsi, fari tas kamar ɗigon ruwa, da ƙananan ɗigo 10 zuwa 40 a ciki, suna ƙyanƙyashewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, 'ya'yan kuma su fara nasu bayan wata ɗaya ko fiye kaɗan. Da zafin Maris da Afrilu abin ya fi sauri. Bulinus ma bakinsa hagu ne, ya kuma yi kama da shi ƙwarai.

In ɓawon a naɗe yake falan, kamar ƙahon rago, ja ko ruwan ƙasa, dangin Planorbis ne. Biomphalaria ɗan gidan nan ne, siffarsu guda.

In baki yana dama, ƙahonnin gajeru masu faɗi, Lymnaea ne. Shi ne kaɗai a cikinsu da kan taɓa lafiyayyen ganye mai laushi.

In dogo ne mai tsini da ɓawo mai tauri, da rana ba ka ganinsa sai ka haska tocila da dare ka ga tsakuwa na motsi, Melanoides ne. Wannan ba ya ajiye ƙwai a gilashi, haihuwa yake yi, mace kuma ba ta buƙatar namiji. Yana da ɗan murfi da yake rufe bakinsa da shi, shi ya sa magani bai cika kama shi ba. In ka ga sun fito da rana tsaka suna hawa gilashi gaba ɗaya, ruwan ne ya ɓaci ko iska ta yi ƙaranci, ka canza ruwa a ranar.

3. Rage abinci

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake faɗuwa. Kifin ado cikinsa ƙarami ne, amma duk sanda ka tunkaro gilashi zai taso kamar ya kwana uku bai ci ba, sai tausayi ya kama mutum.

Ka'idar ita ce sau ɗaya a rana, gwargwadon abin da za su cinye tas cikin minti 2. Ka tsaya ka kalla. Duk ƙwayar da ta kai ƙasa ta zauna, ta dodon koɗi ce. A makon farko rage abin da ka saba bayarwa da rabi, ka kuma ware rana ɗaya a mako da ba a ba su komai. Babban kifi mai lafiya ba abin da azumin yini zai yi masa. 'Ya'yan kifi ne kaɗai ba a yi wa haka, su kaɗan-kaɗan ake ba su sau biyu ko uku.

A gida mai jama'a ba mai akwatin ne ke ɓata lissafi ba. Maigida ya ba su da safe kafin ya fita kasuwa, uwargida ta gansu suna bin gilashi ta ƙara, yara sun dawo makaranta kowa na so ya ga yadda suke wawaso, baƙo ya zo a nuna masa. Haka abin yake a shago da ɗakin jira. Ka auna abincin yini a murfin kwalba da safe, ka ɓoye gwangwanin, ka sanar da kowa cewa murfin nan in ya ƙare an gama sai gobe.

Gargaɗi: burodi, garin rogo, tuwo, shinkafa da dusa ba abincin akwatin gilashi ba ne, narkewa suke su shige cikin tsakuwa. Abincin tarwaɗa na masu kiwon kifi a tafki ma, da mutane ke saye don araha, ƙwayarsa ta yi wa ƙananan kifi girma, sai ta jiƙa ta nutse. In shi kake da shi, daka shi ka riƙa barbaɗa ɗan mitsitsi.

Abinci na biyu shi ne gansakuka, ita kuwa haske ke kawo ta. Janye akwatin daga inda rana ke dukansa, fitila kuma kada ta wuce awa 6 zuwa 8. Na uku matattun ganye, ka yanke duk wanda ya yi rawaya ko ya fara laushi. Ka ƙirga kifinka ma, mushe ɗaya a bayan dutse ya ishe su mako.

4. Zuƙe dattin tsakuwa

Abincin watannin baya yana nan kwance a ƙasa, sai an fitar da shi. Kashe wutar matata da duk abin da ke jone. Nutsa tiyon gaba ɗaya cikin akwatin har ya cika da ruwa, toshe baki ɗaya da babban yatsa, ka sauko da shi cikin bokitin da ke ƙasa, ka saki. Ruwa zai bi da kansa, babu buƙatar baki. Riƙa cusa ɗayan bakin cikin tsakuwa, za ka ga baƙin datti na tashi yana bin tiyon, tare da ƙananan dodon koɗi. In ruwan wurin ya yi haske ka matsa gaba. Ka fi ba da ƙarfi a kusurwoyi da ƙarƙashin duwatsu da daidai inda ake zuba abinci.

Tsaya in ka fitar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Sau biyu a mako a makonni biyun farko, daga nan sau ɗaya. Buɗe matata ma ka duba, nan ƙwai ke ɓuya, Melanoides kuma kan shiga ya cije 'yar fankar ciki har famfon ya tsaya. Matse soson a cikin ruwan da ka fitar daga akwatin.

Gargaɗi: kada ka wanke soson a bakin famfo, kada kuma ka canza ruwan duka a rana ɗaya. A jikin soso da tsakuwa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sarrafa gubar ammoniya da kashin kifi ke fitarwa, sinadarin kulorin na ruwan famfo yana kashe su. Ruwan da za ka mayar, in na famfo ne, ya kwana a buɗaɗɗen bokiti awa 24, ko ka ɗiga masa maganin cire kulorin. Da bazara kuma ka taɓa shi tukuna. Ruwan tankin saman rufi da azahar a Garwa ya isa ya kashe kifi nan take.

5. Tsinta da kankare ƙwai

Awa ɗaya bayan an kashe fitila, zo da tocila. Lokacin ne suke fitowa. Tsince manyan tukuna, su ne masu ƙwai. Sannan bi gilashi da kati ko reza, musamman daf da saman ruwa da kusurwoyi, ka juya faffaɗan ganye ka shafa bayansa, ka duba jikin tiyon iska da ƙasan murfi. Duk dunƙulen ƙwai da ka fitar, gommai ka rage. Fitar da shi waje, in ka bar shi ya faɗa ƙasa ƙyanƙyashewa zai yi. Reza kuma kada ta kusanci gam ɗin kusurwa, in ka yanke shi akwatin zai fara yoyo.

Gargaɗi: wasu kan murƙushe su a jikin gilashi kifi su cinye. Biyu ko uku ba laifi, amma da bayan cokali, ba da yatsa ba, ɓawon na yanka, kuma ciwon da ruwan akwati ya shiga yakan daɗe bai warke ba. In ka murƙushe da yawa, abinci ka ƙara wa sauran.

6. Ɗana tarko

Bayan kwana 3 ko 4 da rage abinci za su ji yunwa, a nan tarko ke ci. Wanda ya ɗana tun ranar farko ya ce bai kama komai ba, dalilin ke nan.

Hanya mafi sauƙi ita ce ganye. Wanke salak ko kabeji sosai saboda feshin lambu, tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya ya yi laushi, bari ya huce, danne shi da ɗan dutse a kan faranti ƙarami a ƙasan akwatin. Yankan gurji ma na yi. Sa shi bayan sallar isha, ɗauke da asuba kafin gari ya waye, don haske na fitowa suke watsewa. Ɗago farantin a hankali da raga a ƙarƙashinsa. Daren farko za ka iya samun ganyen ya yi baƙi ƙirin da su, ta sama da ta ƙasa.

In kifinka masu cin ganye ne, yi na roba. Yanke kan robar ruwa daga kafaɗa, cire murfin, juya kan ka cusa shi ciki kamar mazurari. Huhhuda jikin da ƙusa mai zafi don ruwa ya riƙa ratsawa, sa tsakuwa kaɗan ta danne ta, sa ganyen ko ƙwayar abinci biyu, kwantar da ita a ƙasa bakin na taɓa tsakuwa. Ga Melanoides ƙwayar abincin kifi ta fi ganye ja, ka kuma ɗan binne bakin robar.

Yi kullum tsawon mako biyu, sannan dare ɗaya bayan biyu. Riƙa lura da yawan kamun, shi zai gaya maka ko kana cin nasara. In ya ragu ya sake hawa bayan kwana 10, ƙwan da ka bari ne suka ƙyanƙyashe, ka ci gaba. In mako uku sun wuce bai ragu ba, akwai mai ba kifin abinci a bayan idonka.

Gargaɗi: kada tarko ya wuce awa 10 a ruwa, da zafin nan ganye kan ruɓe da wuri. In kana da ƙananan kifi, bar murfin robar a kai ka huda shi daidai shigar dodon koɗi, don kifin da ya maƙale ciki yakan shaƙe kafin safiya. Abin da ka kama kuma ba a zuba shi a kwata ko magudanar ruwa, ballantana kogi. Zuba musu tafasasshen ruwa, ka binne ko ka sa a shara.

7. Masu cin dodon koɗi

Ina ja baya da wannan matakin, don sau da yawa sayen sabuwar matsala ne. Wanda na yarda da shi shi ne Helena, wani dodon koɗi ɗan kudu maso gabashin Asiya mai zanen rawaya da baƙi, tsawonsa kusan santimita 2, wanda 'yan uwansa yake farauta. Guda 3 zuwa 5 sun ishi akwati mai lita 60 zuwa 100. Ba ya taɓa kifi ko tsiro, hayayyafarsa a hankali ce, sai namiji da mace sun haɗu, ƙwai kuma ɗai-ɗai yake ajiyewa. Aikinsa ba na gaggawa ba ne, ka ba shi wata biyu. In kana da manyan dodon koɗi na ado da ka saya da kuɗinka, fitar da su, zai iya far musu.

Cikin kifi, mai kanti zai nuna maka Botia mai zanen lemo da baƙi, ɗan Indonesiya. Yana ci kam, amma ɗan yatsan da ka gani a kanti yakan kai santimita 25 zuwa 30, sai cikin garke yake zama, kuma akwati mai ɗaruruwan lita yake so. Kifin zinariya kan haɗiye ƙanana, kurungu ma yakan taɓa.

Gargaɗi: talibambam na kogunanmu gwanin fasa ɓawo ne, masunta a Lagdo ko Shari za su iya samo maka ƙarami. Kada ka haɗa shi da kifin ado. Yakan kai santimita 40, haƙoransa kamar bakin aku, in ya gama da dodon koɗi fukafukan maƙwabta zai koma. Kowane kifi daga kogi kuma sai ya zauna shi kaɗai makonni kafin ya shiga cikin sauran.

8. Magani, in ya zama dole

Yawancin magungunan dodon koɗi na akwatin kifi tagulla ce a cikinsu. Tana kashewa, amma tsakanin abin da zai kashe dodon koɗi da abin da zai taɓa kifi tazarar kaɗan ce. Jatan lande ba ya tsira, kifi marasa ɓawo irin kurungu da tarwaɗa ba sa jurewa, Botia ma haka, tsirrai masu laushi kan narke, sannan takan lafe a tsakuwa ta daɗe. Melanoides kuwa ya rufe murfinsa ya jira.

Babban haɗarin ma ba maganin ba ne, gawarwakin ne. Ɗaruruwa in suka mutu dare ɗaya cikin tsakuwa, ammoniya ta tashi, iska ta ƙare. Ruwa mai zafi dama iskarsa kaɗan ce, in aka kuma ɗauke wuta a daren injin iska ya tsaya, da safe kifin ne za ka tarar a sama. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

In dai sai ka yi, bi haka: yi tarko mako biyu tukuna don su ragu. Auna ainihin ruwan, tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa da santimita, raba da 1,000, ka rage kashi ɗaya cikin goma saboda tsakuwa. Cire gawayin matata in akwai. Zuba daidai abin da aka rubuta a kwalba, da safe, ranar da kake gida. Tsince matattu safe da yamma, bayan kwanakin da aka rubuta canza rabin ruwa, ka mayar da sabon gawayin matata, wanda ake sayarwa don akwatin kifi, ba na murhu ba. Ƙwai kan tsira, don haka ka koma mataki na 5 bayan kwana 10.

Gargaɗi: kada ka jefa wayar wuta ko tsabar kuɗi wai tagullar ta narke, ba ka da iko da adadin. Maganin feshin auduga, na ƙwarin lambu da na dodon koɗin gona duk guba ne ga kifi. Niclosamide da ake fesa wa tafkuna don yaƙi da tsargiya shi ma yana kashe kifi. Gishiri kuwa, kafin ya kai yawan da zai kashe su ya gama da tsirranka.

9. Wankin gaba ɗaya

Na wanda kayansa suka fito daga kogi ne, ko wanda Melanoides ya fi ƙarfinsa. Sa safa. Kwashe kifin da raga zuwa bokiti mai ruwan da ya kwana, ka sa musu injin iska, ka rufe don kada su yi tsalle. Tsakuwa ka wanke ta, ka tafasa a tsohuwar tukunya minti 10. Manyan duwatsu ba a ɗora su a wuta, sukan fashe, goge su da burushi, ka kwarara musu ruwan zafi, ka shanya su a rana kwana uku. Tsirrai su bi mataki na 10 ko a zubar. Gilashin ka goge da ruwan jabel, wato bilic ɗin wanki, awo ɗaya cikin awo 19 na ruwa, ɗauraye sau da yawa, ka bar shi ya bushe ƙarau har warin ya tafi. Kada ruwan zafi ya taɓa gilashi, sabulu ma haka.

Gargaɗi: bayan wannan, akwatin ya koma sabo. Ƙwayoyin halittar nan masu amfani sai sun ɗauki makonni 4 zuwa 6 kafin su dawo. A tsawon lokacin abinci ɗan kaɗan, canjin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa duk bayan kwana biyu, kuma ba a ƙara sabon kifi. In kifi ya taso yana haki a saman ruwa, canza ruwa nan take.

10. Tare hanyar shigowa

Duk tsiron da zai shiga, ko daga hannun wa ya fito, sai ya bi ta wanka. Alif ya fi sauƙi a kan ganye, ya kuma fi araha, shi nake zaɓa: daka shi, babban cokali ɗaya cikin lita 4 na ruwa, tsiron ya zauna ciki kwana 2 zuwa 3, sannan a ɗauraye sosai. Farmanganat, ƙwayar nan ta famasi da ake wanke salak da ita, a jiƙa ta ruwan ya yi ja-ja mai duhu, a tsoma minti 10 zuwa 15. Tana kashe masu rai amma ƙwai kan tsira. Jabel ya fi su ƙarfi, awo ɗaya cikin 19, minti 2 kacal, kuma sai ga ganye mai tauri irin Anubias, wanda asalinsa ma dazuzzukan Kamaru da maƙwabtanta ne. Jabel ɗin ya zama na gama-gari, marar turare, ba mai kaurin nan da ake sirkawa ba, saiwa kuma kada ta shiga. Bayansa ɗauraya uku, sannan ya kwana a ruwa mai tsabta.

In ba ka gaggawa, ajiye tsiron a bokiti a inuwa mai haske mako 3 zuwa 4, kana dubawa da tocila. Duk ƙwan da ke jiki zai ƙyanƙyashe ka gan shi. Wanda ya fito daga kogi a haɗa masa duka biyun, alif da zaman bokiti, hannu cikin safa.

Gargaɗi: rufe bokitin da tsohon mayafi mai shara-shara don sauro kada ya yi ƙwai, amma ban da gidan sauro mai magani. Sinadarin jikinsa ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi, don haka ba a yin ragar kamu da shi, ba a kuma rufe akwati da shi. Haka in za a fesa maganin sauro a ɗakin, kashe injin iska, ka lulluɓe akwatin da zane har warin ya fita.

Yashi da tsakuwar da ka ɗebo da kanka a tafasa su kafin su shiga. Raga da tiyo ba a aronsu tsakanin akwatuna sai sun bushe a rana. Sabon kifi kuma, bayan ledar ta yi minti 15 tana yawo a saman ruwa zafinsu ya daidaita, juye shi cikin raga a kan bokiti, kifin kaɗai ya shiga akwatin, ruwan ledar a zuba shi a gindin bishiya.